Karen Da Na Sa Aka Kora



Na daɗe ina jujjuya wannan labari a raina kafin na ɗauki biro, domin kuwa labari ne wanda ba ni ce mai gaskiya a cikinsa ba, kuma kun san nauyin da ke cikin mace ta fito ta faɗi laifin kanta. To amma Hausawa sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Idan har wata uwargida ta karanta ta tsaya ta yi tunani kafin ta aikata irin abin da na aikata, to kunyar da zan ji ta biya.

Ni malamar firamare ce a cikin garin Daura, ina da 'ya'ya biyar. Gidan da muke ciki gidan gado ne, babba, irin na da. Mu da surukata Hajiya muna sashen gaba, sashen baya kuma mai ɗaki huɗu maigidana ya gyara ya zuba 'yan haya. Zaure ɗaya muke shiga, famfo ɗaya muke ɗiba. Tun da aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura a 2019, ga kuma sauran ma'aikatun da suka shigo garin a waɗannan shekaru, ɗakin haya ya yi daraja ƙwarai, yau wani ya tashi, gobe mutum uku sun zo nema. Wannan ya sa mu masu gida muka fara jin kanmu, muna ganin alfarma muke yi wa duk wanda muka bari ya zauna.

A cikin masu neman ɗaki Allah Ya kawo mana wata baiwar Allah, wadda ba zan ambaci sunanta ba. A gidan 'Yar Baure muke ce mata, saboda daga wani ƙauye na wajen Baure ta fito. Kurma ce, amma ba da kurumtar aka haife ta ba. Tana aji uku na firamare annobar sanƙarau ta 1996 ta kama ta, annobar nan da ta kwantar da mutum fiye da dubu 100 a ƙasar nan, ta kashe fiye da dubu 11. Ita Allah Ya yi da sauran kwananta, ta tashi, amma kunnuwan suka tafi. Tana magana, sai dai muryarta kan yi sama saboda ba ta jin kanta, tana kuma fahimtar mutum idan ya fuskance ta ya yi magana a hankali, sauran kuma a cike da maganar hannu. Mijinta direban motar shanu ne da ke lodi a kasuwar Mai'aduwa, ya rasu a hatsarin mota, ya bar ta da ɗiya 'yar shekara goma da yaro na goye. Da kitso da suyar awara take riƙe da su.

Ranar da suka tare, bayan an gama shigar da katifa da 'yan kwanuka, sai ga wani jan kare ya biyo su a baya, ya je bakin ƙofar ɗakin ya kwanta kamar wanda ya san wurin. Gabana ya faɗi. Na tambayi ƙanenta da ya rako su, ya ce ai karen marigayi ne, tun yana ɗan kwikwiyo ya kawo shi ya hore shi saboda yawan kwanan da yake yi a hanya, har ya raɗa masa suna Barsu don habaici ga masu surutu. Maigidana ya ga karen, ya ji bayanin, ya karɓi kuɗin shekara, ya rubuta rasit. Ku riƙe wannan, domin za mu dawo kansa.

Gaskiya ɗaya ce, da idona na ga aikin da karen nan yake yi. Idan aka yi sallama a zaure ana neman awara ko kitso, zai tashi ya je ya taɓa ƙafarta da kansa, sannan ya nufi ƙofa yana waiwayenta. Idan yaron ya farka yana kuka a ɗaki ita tana bakin murhu, zai kama gefen zanenta ya ja. Da dare a bakin ƙofa daga ciki yake kwana, yaro na motsawa zai tashe ta. Bai taɓa cizon kowa ba, ba shi da yawan haushi, ba ya shiga sashenmu. Duk na ga wannan, amma abin da na gani bai shiga zuciyata ba, saboda tun ina ƙarama abin da na tashi da shi shi ne kare najasa ne, gidan da yake ciki mala'ikun rahama ba sa shiga, kuma mai ajiye shi ladansa raguwa yake yi kullum.

Ba ni kaɗai ba ce. Hajiya ta daina shanya abin sallarta a igiyar tsakar gida. Matar ɗakin da ke kusa da nata ta ce ita ba ta yarda da alwalar da aka yi da ruwan famfon nan ba. Ƙawayena idan sun zo sai su riƙe baki su ce, "Malama, ke da kike koyar da 'ya'yan mutane, kare a gidanki?" Wannan maganar ita ta fi ci mini rai. Rannan da rana tsaka, ana zafin nan na bazara, na fito na tarar da karen yana lasar ruwa a cikin bahon da na tara don wanke-wanke. Shi ke nan, sai na samu abin da nake nema.

Da dare na sami maigidana na ce, "Baban Abba, in dai ana jin maganata a gidan nan, to karen nan ba zai ga watan azumi a cikinsa ba."

Ya ce, "Ki yi haƙuri mana. Matar nan marayu take riƙe da su, kuma da karen muka gan ta muka karɓi kuɗinta."

Na ce, "To a mayar mata da kuɗinta. Masu neman ɗaki sun fi a ƙirga."

'Yan uwa, mu mata mun san yadda muke yi idan muka sa abu a gaba. Ban yi faɗa ba, ban ɗaga murya ba. Yau in yi shiru, gobe in kawo maganar Hajiya, jibi in ce yara sun tsorata. Cikin mako biyu ya gaji. Saboda tana iya karatu kaɗan, sai ya rubuta mata a takarda cewa ta zaɓa, ko ta fitar da karen ko ta nemi wani ɗakin kafin azumi. Ina tsaye ya miƙa mata. Ta karanta a hankali tana bin layin da yatsa, da ta gama ba shi ta kalla ba, ni ta kalla, domin ta san daga inda iskar ta taso. Ta ce, da muryar nan tata mai ƙarfi, "Malama, shi ne kunnena."

Na ɗauka neman tausayi ne kawai. Ina za ta sami wani ɗakin da marayu biyu da kare? Bayan kwana uku ƙanenta ya zo ya ɗaure karen da igiya ya tafi da shi ƙauye. Wannan a watan Sha'aban ne na shekarar 2022. Na sa aka wanke tsakar gida tas, aka yi turare, Hajiya ta sa mini albarka, na kwanta ina jin na yi wa addini hidima.

Ɗiyar tata a makarantarmu take, aji huɗu, yarinya mai kaifin kai wadda ba ta wuce na uku a jarrabawa. Bayan an koma hutun ƙaramar Sallah sai malamin ajinsu ya fara kawo ƙara: tana barci a aji, tana makara, wani lokaci a yi tara ba a gan ta ba. Na kira ta ofis na ɗaure fuska na ce, "Ke, me ya same ki?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, ni ce nake ji wa Inna yanzu." Ashe tun da aka tafi da karen, yarinyar nan ba ta barcin kirki. Uwar takan ɗaura zare daga hannunta zuwa ƙafar yaron don ta ji motsinsa, amma zaren kan kwance, don haka sai yarinyar ta riƙa kwana da kunne ɗaya a buɗe. Da rana kuma ita ce mai zama kusa da zaure don jin sallamar masu saye, domin sau da yawa sukan yi sallama su gaji su wuce gidan gaba, cinikin ya ragu, abincin gidan ya ragu.

Kun san abin da na yi? Maimakon in gane, sai na tafi na sami uwar na yi mata wa'azi a kan muhimmancin ilmin 'ya mace, na ce lallai gobe in ga yarinya a makaranta tun kafin a buga ƙararrawa. Ta ce to. Kwana huɗu yarinya tana zuwa a kan lokaci, ina ta jin daɗin kaina.

A rana ta biyar, Alhamis ce, ban je aiki ba saboda zazzaɓi. Ina kwance wajen ƙarfe goma sai na ji ihun yaro, irin ihun da kowace uwa ta san ba na rigima ba ne. Na saurara in ji an ɗauke shi, shiru, ihun sai ƙaruwa yake. Na fito da gudu ko ɗankwali babu. Abin da na gani har gobe yana idona: uwar tana durƙushe bakin famfo tana wanke wake, ta ba da baya, hankalinta kwance, yaron kuma yana bayanta taku biyar, ya jawo tukunyar ruwan zafin da ta sauke ta kife masa a hannu. Yana ta ihu yana miƙa mata hannu, ita ba ta sani ba. Sai da ta ga inuwata ta wuce da gudu sannan ta waiwaya. Ƙarar da matar nan ta yi ban taɓa jin irinta ba.

Mun sa hannun a ƙarƙashin famfo, muka garzaya asibiti. Allah Ya taƙaita, yaron ya warke, amma tabon yana nan daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. A kan bencin asibitin ba ta ce mini komai ba, ba ta zarge ni ba, har godiya ta yi mini. Daga ranar kuma ta hana ɗiyarta zuwa makaranta gaba ɗaya, ni kuwa ba ni da bakin da zan sake yi mata wa'azi.

A nan ne idona ya buɗe a kan abin da ban taɓa lissafawa ba. Aikin da karen nan yake yi bai bi shi ƙauye ba, yana nan a gidan, dole wani ya ɗauka. Da na kore shi, a kan marainiya 'yar shekara goma na sauke kayan. Ranar da na janye marainiyar kuma, yaro ne ya biya da fatarsa.

Duk da haka zuciyata ba ta saki ba, domin ina tsoron kada tausayi ya kai ni ga saɓon Allah. Sai na roƙi maigidana ya raka ni wurin limamin unguwarmu, dattijo ne da ya shekara arba'in yana karantar da Iziyya da Risala a zaurensa. Na zauna daga bayan labule a ɗakin uwargidansa na zayyana masa komai, ban rage ba. Ya yi shiru jim kaɗan sannan ya ce, "Ɗiyata, da kin zo kafin ki yanke hukunci da ya fi. Amma zuwan ma alheri ne."

Ya fara da maganar najasa. Ya ce a mazhabar Imamu Malik, wadda ita ce iyayenmu da kakanninmu suka bi a ƙasar nan, duk abu mai rai tsarkakakke ne, har da kare, har da yawunsa. Umarnin da ya zo na wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya yi lallagi a ciki, malamanmu sun ɗauke shi a matsayin bauta da bin umarni, ba don jikin karen ƙazanta ne da ke ɓata salla ba. Wasu mazhabobin suna ganin najasa ne, kuma ba a raina fahimtarsu, amma bai kamata in ɗauki mafi tsanani in ɗora wa mai rauni ba alhali mazhabar da nake bi ta yalwata mata.

Na ce, "Allah gafarta Malam, to hadisin raguwar lada fa?" Ya ce hadisin ingantacce ne, amma a cikinsa Manzon Allah (SAW) ya togace karen farauta da na kiwo da na gona, kuma abin da ya haɗa ukun nan shi ne buƙata. Shi ya sa malamai da dama suka yi ƙiyasin tsaron gida da makamantansa a kansu. Ya ba mu labarin da masu sharhin Risala suke kawowa, cewa shi kansa mai littafin, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rubuta hanin ajiye kare a gidajen gari, da katangar gidansa ta faɗi a lokacin da ake zaman tsoro sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Malik ya ƙi hakan, sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin zamaninsu da abin da ya fi kare ma ya ajiye. Liman ya ce, "To idan an yarda makiyayi ya ajiye kare don kada kura ta ɗauki ɗan akuya, yaya za a hana kurma ajiye shi don kada wuta ta ci ɗan mutum?"

A kan maganar mala'iku kuwa, bai ɓoye mini ba cewa akwai saɓani. Imam Nawawi yana ganin hadisin ya game kowane kare, shi kuwa Imam Khaɗɗabi yana ganin ya shafi karen da aka hana ajiyewa ne, ban da wanda shari'a ta yi izni da shi. Ya ce mai lalura yana da malaman da zai jingina da su. Sannan ya juya ga maigidana ya ce, "Kai kuma, haya a Musulunci alkawari ne mai ɗaurewa. Ka ga karen, ka karɓi kuɗin shekara, ba ka gindaya sharaɗi ba. Da wane dalili ka canza magana a tsakiyar tafiya?" Ya rufe da tuna mana Suratu Abasa, yadda Allah (SWT) Ya saukar da ayoyi saboda makaho guda, Abdullahi ɗan Ummi Maktum (RA), wanda daga baya ya zama ladanin Manzon Allah (SAW), har akan bar masa jagorancin salla a Madina idan an fita. Muka taso jikinmu a sanyaye.

Da Babbar Sallah ƙanena da ke aikin lauya a Katsina ya zo gida, na ba shi labari. Ya riƙe baki ya ce, "Yaya, kin san da matar nan ta san hanya da kun sha wahala?" Ya ce akwai dokar tarayya ta hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda Majalisa ta zartar a 2018, kuma wanda ya sa mata hannu a watan Janairun 2019 ɗan garin nan ne, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, wanda aka binne a gidansa na Daura a watan Yulin 2025. Sashen farko na dokar ya hana kowane mutum ko hukuma nuna wa naƙasasshe bambanci saboda naƙasarsa ta kowace fuska. Mutumin da aka kama da laifi zai iya biyan tarar naira dubu 100, ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun, kamfani kuma naira miliyan ɗaya, sannan wanda aka zalunta yana da damar shigar da ƙarar neman diyya. Dokar ce kuma ta haifar da Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa, wadda aka naɗa shugabanninta a 2020. Kafin wannan, tun 2010 Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan haƙƙin naƙasassu, wadda sashenta na 19 ya ba su 'yancin zaɓen inda za su zauna kamar kowa, sashe na 9 da na 20 kuma suka yi maganar sauƙaƙa musu samun mai taimako kamar ɗan jagora.

Ya ƙara da cewa ko da babu maganar naƙasa, harkar haya tana da dokarta a jiha, kuma mai gida ba shi da ikon fitar da ɗan haya da ƙarfi, ko ya cire masa ƙofa, ko ya watsar masa da kaya. Wanda ke biyan shekara-shekara, in ba a yi wata yarjejeniya daban ba, galibi notis na wata shida ake ba shi, bayan ya cika a ƙara na kwana bakwai, sannan a je kotu, alƙali ne zai ce a fita. Takardar da muka ba 'Yar Baure ta 'yan makonni ba ta da wani ƙarfi, tsoro da rashin sani ne suka sa ta bi. Ya ce irinta idan ta rasa kuɗin lauya akwai Hukumar Ba da Tallafin Shari'a da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, duk suna karɓar koke kyauta.

Na tambaye shi yadda ake yi a wasu ƙasashe. Ya ce a Amurka tun 1929 aka buɗe makarantar horar da karnukan jagoran makafi, a Ingila kuma tun 1982 akwai ƙungiyar da ke horar da karnuka musamman don kurame, suna yin irin aikin da Barsu yake yi. Dokar gidaje ta Amurka, wadda aka yi wa gyara a 1988 don ta haɗa da naƙasassu, ta wajabta wa mai gidan haya ya sassauta ƙa'idarsa ta hana dabbobi idan ɗan haya yana buƙatar dabbar saboda naƙasarsa. Amma idan dabbar ta yi ɓarna mai ita ne zai biya, idan kuma ta tabbata mai cutarwa ce ana iya ƙin ta. Ingila ma tana da dokar daidaito ta 2010 mai irin wannan manufa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a 2008, a birnin Leicester na Ingila, malaman Musulunci sun ba da fatawar da ta ba wani matashi makaho damar zuwa masallaci da karen jagoransa, aka yi wa karen wurin jira daga wajen inda ake salla. Sai dai ƙanena ya yi dariya ya ce ko a Amurkan, dokar tarayya ta ɗaga wa mai ƙaramin gida ƙafa idan shi ma a ciki yake zaune tare da 'yan hayarsa, wato irin gidanmu. Ya ce, "Kin ga ke nan, Yaya, akwai inda doka ba ta kaiwa, sai tsoron Allah."

Abin da ya rage shi ne Hajiya da sauran 'yan haya, domin su ma suna da haƙƙi, kuma ba daidai ba ne a gyara zalunci da wani zaluncin. Maigidana ya roƙi mai unguwa ya zo, aka zauna a zaure, Liman ya turo almajirinsa, aka rubuta yarjejeniya kowa ya sa hannu. Karen zai zauna a ɗakinta da bakin ƙofarta, ba zai ƙetare zuwa sashenmu ko ɗakin wani ba. Zai sami kwanon ci da na sha nasa daban, ba zai kusanci famfo ba. Za a kai shi asibitin dabbobi a yi masa allurar haukan kare duk shekara, a ajiye katin a hannun maigidana. Ita za ta riƙa kwashe kashinsa, kuma idan ya yi ɓarna ta biya. Idan baƙi sun cika gida, kamar biki ko suna, za a ɗaure shi. Mu kuma ba za mu tashe ta ko mu ƙara mata kuɗi saboda karen ba. Ma'aikacin asibitin dabbobin ya kuma koya mana cewa duk wanda kare ya ciza, kowane kare ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 sannan a tafi asibiti nan take, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Ni da kaina na biya kuɗin motar da aka je aka ɗauko shi. Ya rame, kunnensa duk ƙuda sun ci. Da aka sauke shi a ƙofar gida bai tsaya ko'ina ba sai bakin ɗakinta. Ta durƙusa ta riƙe kansa tana kuka, ni kuma na shige ɗaki, don ban iya tsayawa ba.

Ba zan ce muku komai ya koma daidai ba. Matar ɗakin kusa ta ce ita ba za ta iya ba, da kuɗinta ya ƙare ta tashi, kuma ban ga laifinta ba. Hajiya har yau a ɗaki take shanya abin sallarta, ko da yake ita ce ke aika wa karen ƙanzo da ƙashi idan an yi yanka. Yarinyar ta koma makaranta, amma zangon da ta rasa ya sa sai da ta maimaita aji huɗu, ƙawayenta suka wuce ta. Yanzu tana sakandare. Yaron kuma duk lokacin da ya miƙo hannu ya gaishe ni, sai na ga tabon.

Tun daga lokacin idona yake kai wa ga abin da da nake wucewa ban gani ba. Ku duba ƙofar masallacin Juma'a, ku duba tasha da bakin kasuwa, a Daura ko Zango ko Sandamu: kusan duk makahon da za ku gani, akwai yaro ko yarinya riƙe da sandarsa a gaba, a daidai lokacin da sa'o'insu suke aji. Mun saba da ganin ɗan jagora har mun manta cewa shi ma ɗan wani ne, kuma ƙuruciyarsa ce ake kashewa. Ba ina cewa kowane makaho ko kurma ya nemi kare ba ne. Wani farar sanda ta ishe shi, wani na'urar ji, wani waya mai jijjiga, wani kuma keken guragu ko jakin da yake hawa. Abin da nake cewa shi ne, idan bawan Allah ya samo dabarar da yake tsayawa da ƙafarsa ba tare da ya cire ɗansa daga makaranta ba, kada mu zama mu ne za mu ƙwace ta saboda ƙyama ko gudun surutun ƙawaye.

Ke 'yar uwa da mijinki ke da gidan haya, ki sani sau da yawa takardar tashi da hannunsa ake rubuta ta, amma daga bakinmu take fitowa. Kafin ki ce a fitar da keken gurgu daga zaure don yana tare hanya, ko a hana makaho ɗaki don kada ya faɗa rijiya a ce ku ne, ko a kori dabbar da wani yake dogara da ita, ki tambayi kanki wa zai ɗauki aikin idan an raba shi da ita. Ki tambayi malami tun kafin ki yanke hukunci, ki kuma zauna da mai lalurar ku yi sharuɗɗan da za su kare kowa. Ke kuma da Allah Ya jarrabe ki da naƙasa, ko ɗanki, ko mijinki, kina zaman haya, ki faɗi buƙatarki tun ranar farko, a rubuta ta a takarda gaban shaidu, ki adana rasit ɗinki, ki kiyaye haƙƙin maƙwabta, kuma kada takardar da ba ta fito daga kotu ba ta firgita ki. Akwai mai unguwa, akwai dagaci da hakimi, akwai alƙali.

Na nemi gafarar 'Yar Baure, na fuskance ta na faɗa a hankali don ta karanta bakina. Ta yi murmushi ta ce ta yafe tun a asibiti. Ina roƙon Allah Shi ma Ya yafe mini, Ya raya mata marayunta, Ya ba mu ikon tausaya wa na ƙasa da mu, Ya sa mu gama da duniya lafiya. Amin summa amin.

Wassalamu alaikum. Taku har kullum, 'yar uwarku daga Daura.